A Sebiya, Takalmi Ake Fara Saye

Da hantsi jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauke mu daga Madrid, cikin awa biyu da rabi muka sauka Sebiya, garin da littattafan tarihin Andalus ke kira Ishbiliya. Ƙawata 'yar Sifaniya ce za ta hau dandamali karon farko ta yi rawar filamenko, rawar gargajiyar kudancin Sifaniya, ta ce sai na raka ta zaɓen kaya tunda a gindin keken ɗinki na tashi.

Na zaci shagon riguna za mu fara shiga, sai ta ja ni wurin mai takalmi. Ya kifa mini ɗaya a tafin hannu: ƙananan ƙusoshi ne aka jera a baki da dunduniya, aka goge su sumul. Ta gwada kala uku tana dukan katako, kai a karkace tana saurare. Wanda ya fi zaƙin amo ta ɗauka, ba wanda ya fi kyau ba, don a wannan rawar, ƙafa ce ganga.

A layin Francos kuwa idona ya faɗa kan wata jar riga mai fararen ɗige-ɗige, ta kama jiki har gwiwa sannan ta buɗe da tattara hawa-hawa. Wata dattijuwar tela, tef ɗin awo a wuya, ta girgiza kai.

"'Yata, wannan ta Feriya ce. Da ita ake yawo, ba a aiki da ita."

Bikin Feriya na watan Afrilu ya faro ne a 1847 a matsayin kasuwar dabbobi, kuma daga rigunan aikin matan da ke biyo fatake wannan ɗinki ya samo asali. Rigar dandamali daban take: dole gwiwa ta sake, a ɗan ɗage gaban rigar yadda masu kallo za su ga ƙafa.

Sai telar ta sauko mana da bata de kola, riga mai jela da ke jan ƙasa. Na ɗaga ta da hannu biyu, nauyi kamar an goya yaro. Na juya cikinta, kamar yadda kowane tela zai yi, na tarar ƙarƙashin jelar ma tattara ce jere da jere, da yadi mai tauri, don in mai rawa ta shure ta da gefen ƙafa ta tashi a buɗe ta sauka a buɗe, kada ta naɗe. Na daɗe ina bin ɗinkin da yatsa. Wallahi aikin ya shiga raina.

Ƙawata ta shafa ta, ta mayar. Malamarta ta ce ba ta kai ɗaukar jela ba tukuna. Baƙar riga mai hawa uku ta zaɓa, da fure ɗaya na ka, da gyalen alharini mai surfani da doguwar geza wanda suke kira manton de Manila. Asalinsa daga Sin ne, a da ta tashar Manila ta ƙasar Filifin yake biyowa ya iso Sifaniya, sunan ya bi shi. Nauyin gezar ne ke sa ya juya a iska.

Da magariba muka tsallaka gada zuwa unguwar Tiriyana, muka zauna a wani ɗan ɗaki muna kallon wata tana rawa da riga mai jela. Jama'a na kallon hannunta da fuskarta, ni kuwa bakin rigar nake bi, ina zana yankan a bayan tikitin jirgi.