Tsagar kofaton da na toshe da gam

A ƙarshen wannan wata zan miƙa makullin ɗakin magani, in bar bargar da na yi shekara 6 ina duba dawakinta a Kano. Cikin duk abin da ya bi ta hannuna a wurin, daga ciwon ciki zuwa gyambon sirdi, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar tsagar kofaton wani ingarma akawal, wato baƙin doki. Duk wanda ya san bargunan gari ya san yawancin dawakinmu ba su san takalmin ƙarfe ba, da kofatonsu suke taka yashi da tsakuwa da kwalta, don haka idan bangon kofato ya sami matsala babu wani ƙarfe da zai rage masa nauyi, sai dai hannun mai gyara da magagarinsa.

A shekarar da abin ya faru Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina. Saura kwana 20 a yi hawa, yaron da ke yi wa akawal wanka ya kira ni ya nuna mini ƙafarsa ta gaba ta dama. Tsagar tana gefen ciki, kusa da dunduniya, ta taso daga layin gashi inda fata ke haɗuwa da kofato, ta gangaro kamar santimita 3. Da na danna wurin da awartakin gwaji dokin ya fizge ƙafarsa, da na kara yatsa kuma na ji damshi, na sansana na ji ɗan wari. Waɗannan alamomi uku sun isa su tsayar da kowane malamin dabbobi, kuma ba zan ce ban san ma'anarsu ba.

Tsagar kofato ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke farawa daga ƙasa, inda bango ya yi tsawo ya baje kamar bakin faranti har ƙasa ta riƙa ɓalle shi. Wannan sau da yawa a sama-sama take, ba ta sa ɗingishi, kuma gyara mai kyau sau biyu ko uku yana kawar da ita. Akwai kuma wadda ke farawa daga sama, daga wurin da kofaton ke tsirowa, wadda kan ratsa bango har ta kai ga naman da ke manne da shi. Idan doki ya taka sai bakinta ya motsa ya matse naman, datti kuma ya sami ƙofar shiga. Kofato ba ya haɗewa yadda fata ko ƙashi ke haɗewa, domin ɗan'uwan farce ne: abin da ya tsage ya tsage, sai dai sabo ya tsiro daga sama ya tura tsohon ƙasa a yanke shi. Tsiron nan kuwa milimita 6 zuwa 10 ne a wata, kuma gaban kofato kan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta gaba ɗaya. Wato tun ranar da na ga tsagar na san kwana 20 ba za su yi mata komai ba.

Na faɗa wa shugaban barga haka. Dattijo ne da ya riga ni zuwa gidan da shekaru masu yawa, kuma maganarsa ce ke isa kunnen mai gida. Na ce masa, "Baba, dokin nan bai kamata ya fita hawa ba, tsagar ta kai nama kuma akwai alamar ruɓa." Ya dube ni ya ce, "Malam, an riga an ɗinka masa kaya, Alhaji ya gaya wa baƙinsa shi zai hau. Kai ka je ka ce masa ba zai hau ba?" Daga nan ya kawo shawarar da ya ce da ita aka saba: a ɗora ƙarfe a wuta a ja layi a gicciye a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a cika ta da gam mai ƙarfi irin wanda ake haɗa ruwa biyu a kwaɓa, a goge a shafa baƙin mai, ba wanda zai gane.

Da hannuna na kwaɓa gam ɗin. Wannan shi ne abin da na daɗe ina zagayewa idan ina ba da labarin, ina cewa "aka toshe", alhali ni na toshe. Na wanke tsagar da aidin don in kwantar da hankalina, na jira ta bushe a sama, na ɗura gam har ya cika ta, na daidaita shi da magagari. Ta yi kyau ƙwarai, sai ka sunkuya za ka ga wurin. Na ƙara da ba shi fenilbutazon, maganin kashe zafi, a cikin dusa kwana uku kafin Sallah, ɗingishin da ya fara ya ɓace, shugaban barga ya ce ashe ɗan boko ma yana jin magana.

Abin da na yi shi ne na kulle ƙwayoyin cuta a wuri mai ɗumi da damshi wanda iska ba ta shiga, irin wurin da suka fi so, sannan na kashe zafin da zai sa dokin ya sanar da mu. Layin da aka ƙona kuwa bai tsayar da komai ba, tun da ƙarfin da ke buɗe tsagar daga ƙasa yake tasowa duk lokacin da ƙafa ta sauka, ba daga bakinta ba. Akawal ya fita ranar Sallah, ya sake fita Hawan Daushe washegari, ya yi awanni a kan kwalta ɗauke da mahayi da kaya masu nauyi, kuma doki dama ƙafafunsa na gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Da safiyar Hawan Nasarawa na same shi a turke tsaye da ƙafa uku, kofaton da zafi kamar an ɗauko shi daga rana, jijiyar da ke bayan gaɓar saman kofato tana bugawa da ƙarfi a ƙarƙashin yatsana. Kwana biyu bayan haka mugunya ta fashe ta layin gashi, domin hanyar ƙasa ni na rufe mata.

Da mai gida ya sauko barga, shugaban barga ya riga ni magana. Ya ce shi bai san komai game da magungunan Turawa ba, malamin dabbobi ne ya sa wani abu a ƙafar doki. Bai yi ƙarya ba, ya dai bar rabin labarin a aljihu. Aka cire mini albashin wata guda, aka kuma shafe watanni ana kirana "mai gam" a bayan idona. Na yi shiru a gaban Alhaji, wani ɓangare don girman furfura, wani ɓangare kuma don na san idan na ce an sa ni ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce wane ne aka ɗauka aiki don ya san illar abin. Har yau ban ga dalilin da zai sa dattijo ya kasa cewa "tare muka yanke shawara" ba, amma wannan tsakaninsa da Allah.

Wani likitan dabbobi da ya daɗe yana aiki da dawakin folo ne ya zo ya ceci ƙafar. Ya ɓamɓare gam ɗin, ya yanke ruɓaɓɓen bango har ya kai ga mai lafiya, ya bar wurin a buɗe, ya yi allurar kariya daga cutar sarƙe-haƙora da ta kashe ƙwayoyin cuta. Sai ya ɗaga ƙafar ya ce in duba ta daga baya. A nan na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko: dunduniyar ciki ta fi ta waje tsawo, har layin gashin da ke saman tsagar ya turu sama ya yi tudu. Ruwa ba ya tsami banza. Dokin ƙauye da ke tafiya kasuwa da gona ƙasa ce ke goge masa kofato daidai da tsironsa, amma namu yana ɗaure a turke mafi yawan shekara, yana tsaye cikin kashi da fitsari, ba a tuna da ƙafarsa sai Sallah ta matso. Bangon ya yi tsawo a karkace, nauyi ya taru a gefe guda, damina ta jiƙa shi rana ta busar, ya jiƙe ya bushe, har ya dare.

Jinyar ba ta da wani abin burgewa. Na rage bangon da ke daidai ƙarƙashin tsagar har sai da takarda ke iya wucewa tsakaninsa da ƙasa idan dokin ya tsaya a kan siminti, don kada wurin ya ɗauki nauyi. Na daidaita dunduniyoyin biyu kaɗan-kaɗan, ba a zama ɗaya ba, na kuma zagaye bakin kofaton da magagari ya zama mai santsi yadda ƙasa ba za ta kama shi ta ɓalle ba. Kowane mako 4 nake maimaitawa. Aka kwashe laka daga turkensa aka zuba busasshen yashi, ana wanke ramin da aidin kullum, kuma da zafin ya tafi aka fara jan sa a hannu a kan ƙasa mai laushi, tun da motsi yana taimaka wa jini ya zagaya kofato. Bayan wata 2 sai ga wani siririn zobe na sabon kofato, mai sheƙi, ba tsaga, ya bayyana a ƙarƙashin gashi. Na riƙa auna shi da rula ina ɗaukar hoto a waya duk wata, ina kallon tabon fashewar mugunyar yana gangarowa a hankali. A wata na 9 na yanke ƙarshen tsagar da hannuna, kuma akawal ya fita hawan Ƙaramar Sallah da ƙafa huɗu lafiyayyu. A ranar na ji shugaban barga yana gaya wa baƙi cewa man shanun da yake shafa masa ne ya yi aiki.

Sauran abin da na koya ba ya buƙatar dogon bayani. Man shafawa, na shanu ne ko na kaɗe, kyan gani yake ƙarawa, ba ya haɗa tsaga, baƙin man inji kuwa bai da wurin zama a barga. Sinadarin bayotin da ake sayarwa yana taimaka wa kofato mai rauni, amma sai an yi watanni ana bayarwa kuma sabon tsiro kaɗai yake gyarawa. Dusa zalla ba abinci ba ce, tana bukatar harawa da ciyawa mai kyau a gefenta. Tsagar da ta kwanta a gicciye yawanci tabon tsohon rauni ko ƙurji ce, takan sauka da kanta. Akwai lokacin da ake ɗinke tsaga da waya ko a yi mata faci, amma sai ta bushe sarai, kuma aikin wanda ya ƙware ne. Idan kuma babba ya ce a yi abin da ka san ba daidai ba, ka nemi a faɗa a gaban mai doki.

Tun daga lokacin babu dokin da ya wuce mako 6 a bargar ba a ɗaga ƙafarsa an gyara ba, kuma ban sake ganin tsaga mai jini a wurin ba, ko da yake ba wanda ya taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a gabana. Magagarina na bar wa yaron da ya fara nuna mini ƙafar, don hannunsa ya faɗa, kuma na rubuta masa da gawayi a bangon ɗakin harawa ranar da gyaran akawal na gaba zai kama.