Abin da jel ya nuna da abin da Oga ya so ya gani

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji, na bar aikin yaɗa irin wake da ƙaramin kamfaninmu ke yi da manoman ƙauyukan Ringim da Taura. Abokan aiki sun yi ta kira, wasu don zumunci, wasu don su ji kanun labari. Duk wanda ya san wurin ya san ba albashi ne ya kore ni ba, ko da yake shi ma ba abin a zo a gani ba ne. Buhunan kakar bara ne suka kore ni, kuma a kansu na koyi yawancin abin da zan faɗa a nan.

Irin da muke yaɗawa shi ne SAMPEA 20-T, waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar a ƙarshen 2019 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka yi bikin ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Abu ɗaya tak ya raba shi da sauran wake. An ɗauko ƙwayar gado guda daga wata bakteriya mai zama a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda kowa ke taƙaitawa da Bt, aka dasa ta a DNA ɗin wake. Shi DNA dogon jeri ne na sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da A, T, G da C, ƙwayar gado kuwa yanki ce ta jerin mai ɗauke da umarnin haɗa furotin. Yankin da aka dasa, Cry1Ab, yana sa waken ya riƙa haɗa wani furotin a ganyensa da furensa da kwansonsa. Idan tsutsar maruka, mai huda fure da kwanson wake, ta ci, sai ya narke a hanjinta, ya manne a bangon hanjin ya huda shi, ta daina ci, ta mutu. Hanjin mutum da na akuya ba su da gurbin da zai manne. Kuma ba don marmari aka je aro wajen bakteriya ba. An tantance nau'in wake sama da 15,000 a rumbun IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ba a samu mai jure wa maruka yadda ake buƙata ba, ita kuwa a shekarar da ta yi ƙamari tana iya lashe kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona.

Matsalar tamu daga yadda aka haɗa irin ta samo asali. Dasawar farko a Ostireliya aka yi ta, da taimakon Agrobacterium, bakteriyar da dama can sana'arta ke nan, cusa DNA ɗinta a jikin tsiro. Daga nan aka aurar da waken da aka dasa wa da SAMPEA 10, aka sake aurar da 'ya'yan da SAMPEA 10, aka maimaita. Auren farko rabi da rabi ne, na biyu kashi 75, na uku 87.5, har jinin ya koma kusan na SAMPEA 10 gaba ɗaya, ban da ƙwayar Bt da ake bi ana zaɓa a kowane zagaye. Saboda haka in ka zuba 20-T da SAMPEA 10 a faifai ɗaya, babu dillalin Dawanau da zai raba maka su, komai daɗewarsa a harkar. Ido ba ya aiki a nan. Shi ya sa aka ɗauke ni.

Da manoma suka gama kawo kaya, na ɗebi samfur daga kowane rukunin buhu, na tsirar da shi a yashi, na gwada ganyen da tsinken gwaji. Tsinken kamar na gwajin maleriya yake, layi biyu akwai furotin ɗin Bt, layi ɗaya babu. Rumbu na farko lafiya lau. Rumbu na biyu kuwa tsirrai da yawa layi ɗaya suka ba ni. Na kai wa Oga rahoto, ya ce zafi ne ya lalata tsinkayen. Ban yi musu ba, don hakan na faruwa, kwalin ya sha kwana a mota. Na ce to bari a tambayi DNA ɗin kansa.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka wani babban abu ne. Ɗan ganye ne ƙarami za ka niƙe a bututu da ruwan CTAB, ka ɗumama a digiri 65, ka juya a inji, ka tace, ka zuba sinadarin alkohol mai sanyi, sai ka ga wani ɗan farin abu ya kwanta a gindin bututun. DNA ɗin ke nan. Daga nan sai injin PCR, mai kwafar yankin DNA da ake nema, wanda annobar korona ta sa har 'yan majalisar bakin titi suka san sunansa, alhali tun 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar. Injin ba abin da yake yi sai sauya zafi: digiri 94 igiyoyin DNA biyu su rabu, ya sauko wajen 55 zuwa 60 faraima, wato gajerun guntayen DNA, su kama daidai wurin da ake nema, ya hau 72 enzayim ɗin Taq ya kwafa. Shi Taq daga wata bakteriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka aka samo shi, shi ya sa wannan zafin ba ya kashe shi. Kowane zagaye kwafin ya ninka, a zagaye 30 guda ɗaya ya haura biliyan.

Kowane samfur na sa masa faraima iri biyu, ɗaya na neman ƙwayar Bt, ɗaya na neman wata ƙwayar gado da kowane wake ke da ita tun asali. Na ƙara bututu uku na shaida: ruwa zalla, tsantsar 20-T da muka tabbatar, da kanannado na gida da na sayo a kasuwa. Na zuba su a ramukan jel, wani daskararren abu mai laushi da ke tace guntayen DNA bisa girmansu, na kunna wuta. DNA yana gudu ne zuwa ɓangaren fozitif, ƙananan guntaye a gaba, manya a baya. Da na ɗora jel ɗin a kan fitila, layin wake ya fito reras tun daga ramin farko har na ƙarshe. Ramin ruwa wayam. Kanannado layi ɗaya, tsantsar 20-T layi biyu. Layin Bt kuwa ya ɓace a daidai samfuran da tsinke ya ce babu, ba ƙari ba ragi.

Na sami Oga a ofis yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, ga hoton jel ɗin. Buhunan rumbu na biyu a gauraye suke."

Ko wayar bai karɓa ba. "Kai yaro, yaushe ka fara riƙe fifet? DNA ɗinka ne bai fita da kyau ba."

"Yallaɓai, da bai fita ba, da layin wake ma bai fito ba. Ga shi nan a kowane rami."

"To je ka sake. Ka yi ta sakewa har ya fito daidai."

Mutumin nan ba jahili ba ne. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, shi ya fara nuna mini yadda ake zuba jel ba tare da kumfa ta shiga ba, kuma ya san amfanin layin wake a gwajin fiye da ni. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da rashin sani ne, da sai a zauna a fahimtar da juna. Amma an riga an liƙa wa buhunan takarda, mai saye ya ba da kafin alƙalami, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin kuɗin iri da kuɗin waken tuwo... waken ci, in ce. "Daidai" a bakinsa ranar nan tana nufin abin da zai sa mota ta tashi.

Na sake, da sabon ganye, wata abokiyar aiki tana tsaye a kaina don kada a ce hannuna ne. Abin da ya fito da farko shi ya sake fitowa. Sakamakona shi ne takardar tuhuma a kan ɓarnar kayan gwaji, aka kuma mayar da ni sito ƙirgen buhu.

Da maganar ta ƙi binnuwa sai aka juya ta kan manoma. Aka ce ƙurar fure ce daga gonakin maƙwabta ta gurɓata irin, don wasu ba su bar tazarar da aka ce su bari ba. Wannan bayani yana da daɗin ji ga wanda bai san wake ba. Furen wake yakan barbari kansa ne tun kafin ya buɗe, ɗan abin da ƙudan zuma ke ɗaukowa daga wata gona kaɗan ne ƙwarai. Mu ƙaddara ma ya faru. Tsantsar 20-T kwafi biyu take ɗauke da su na ƙwayar Bt. In baƙuwar ƙura ta sauka a furenta, ƙwayar waken da za ta fito za ta gaji kwafi ɗaya daga uwa, ko ana so ko ba a so, kuma kwafi ɗaya ya isa tsinke ya ba da layi biyu. Waken da babu Bt a jikinsa sam bai fito daga cikin uwa 20-T ba. Zuba shi aka yi. Wannan lissafin gado ne na ajin farko, na rubuta shi a amsar tuhumata, ba wanda ya tanka.

Dattijon da aka fi ɗora wa laifin na je har gida na same shi, ranar hutu, a kan babur ɗina. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ciki ya fito da ƙwarya da ragowar waken da ya ware wa kansa, bai fi tiya ba.

"Ɗana, ga shi. Daga masussuka ɗaya suka fito da wanda na kai muku. In ka sami baƙo a ciki, ka faɗa a gaban Maigari, na yarda."

"Baba, ba sai an kai ga haka ba."

"A'a, a kai. Iri amana ne. Ni ban taɓa haɗa shi da komai ba, ko tabarmar shanya daban na yi masa."

Na tsirar, na gwada. Layi biyu, kowane tsiro. Ba zan kama sunan kowa ba. Abin da duk ma'aikacin wurin ya sani shi ne abin da manoma suka kawo bai kai yawan da aka yi wa mai saye alkawari ba, amma da aka zo lodi sai ga shi ya kai.

Mai sayen ya aika samfur wani ɗakin gwaji da kansa, aka dawo da kayan, aka sayar da su a matsayin waken ci. A taron da aka kira bayan nan Oga ya haska hoton jel a bango yana cewa "mu muka fara gano matsalar tun da wuri". Rubutun hannuna ne a gefen hoton. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina har ranar da na tafi, dattijon kuma ba a ba shi iri ba bana.

Na san akwai masu cewa na cika taurin kai a kan buhunan da ba guba ce a ciki ba. Gaskiya ne, wake ne lafiyayye. Amma manomin da ya sayi 20-T ya saya ne don ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. In rabin gonarsa ba ta da kariya, maruka za ta yi masa kaca-kaca, kuma ba zai ce an gauraya masa iri ba, don ba shi da injin PCR a ɗaka. Cewa zai yi waken Bt ƙarya ne, ya faɗa a masallaci da kasuwa, a wurin da dama ana ta raɗe-raɗi a kan irin. Akwai waken da ba Bt ba da ake shukawa da gangan kusa da mai Bt don kada tsutsa ta saba da furotin ɗin, amma wannan tsari ne da ake yi da sanin manomi.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ka gaya wa manomi tun farko cewa maruka kawai irin ke kashewa, darɓa da ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso suna nan, feshin nan biyu dominsu ne, kuma in ya zuba a buhu ƙwaro zai huda shi kamar kowane wake sai in buhun PICS mai hana iska shiga ya samu. Masu cewa ba ya tsira in an ajiye shi ba su taɓa shukawa ba. Wanda ya tambaye ka ko an taɓa yin irin wannan dashe, ka tuna masa insulin ɗin masu ciwon suga, tun 1982 ake sayar da wanda bakteriya ke haɗawa da ƙwayar gadon mutum. Ɗaliban da ake turo mana sanin makamar aiki duk bakinsu CRISPR, almakashin DNA da ya fito a 2012, amma a bar su da Taq sai su manta shi a kan tebur, ko NEPA ta ɗauke wuta ba wanda ya tuna da ƙanƙara. A jikin bututu ake rubuta lamba, murfi yana musanyuwa. Littafin aiki da biro, kada ka yarda da fensir, kuma duk hoton jel ka tura wa kanka ta imel a ranar, ko da ogan naka mutumin kirki ne.

Wanda aka ɗauka a gurbina ya kira ni shekaranjiya yana neman bututun kanannado, wai an ce masa sa shi a kowane gwaji ɓarnar kaya ce. Na ce masa yana akwati na biyu a firiza, ƙarƙashin na faraima, in kuma ya ƙare, tiya ɗaya a kasuwar Ringim ta ishe shi shekaru.