Dashen ɓargo: amsar da na ba wata uwa rabi da rabi

Wata rana a ɗakin masu sikila, bayan na gama ɗaura wa wani yaro ruwa, mahaifiyarsa ta riƙe min hannu ta ce, "Sista, da gaske ne wai ana canza wa yaro ɓargo ya rabu da ciwon nan?" Na ce, "Gaskiya ne, Mama, ana yi. Kuɗi ne dai matsalar." Ban yi mata ƙarya ba. Amma sai da na koma ƙarin karatu kan cututtukan jini na gane rabin amsa na ba ta, kuma abin ya daɗe yana damuna.

A ɓargon ƙashin ƙugu da na ƙirji da na baya ake ƙera jini. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a can, malaminmu yana kiransu uwayen jini, su ke haifar jajayen ƙwayoyi, da farare, da masu daskarar da jini idan an ji rauni. Jajaye kusan miliyan 2 ake fitarwa a duk daƙiƙa. Na mai lafiya suna kai kwana 120, na mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 sun fashe. Shi ya sa ƙarin jini ba ya raba yaro da ciwon, sai an canza uwayen.

Da, na ɗauka tiyata ce babba. Ashe ranar dashe ko wuƙa ba a ɗauka. Ta jijiya ake saka uwayen jinin da aka ɗebo daga jikin mai bayarwa, kamar ƙarin jini, su nemi hanyar ɓargo da kansu. Wahalar tana gaba da baya. Kafin ranar, ana ba da magunguna masu ƙarfi irin su busulfan don a share tsohon ɓargo, kuma abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba shi ne, uwar da ke haifar jajayen nan marasa lafiya ita ce uwar garkuwar jiki. An share ta, garkuwa ta tafi. Mako 2 zuwa 4 yaro zai yi kusan babu fararen ƙwayoyin da ke tare cuta. Zazzaɓin da a gida za a ce a ba shi farasitamol ya kwanta, a wannan lokacin yana iya zama ajali.

Nan na tuna yadda muke zuwa dubiya. Gwaggo da inna da maƙwabta su cika ɗaki, wannan da kwanon fura da nono, waccan da kunun aya, kowa ya shafa kan yaro ya yi masa addu'a. Ƙauna ce, kuma ni ma da ita na tashi. Amma wanda aka yi wa dashe dole a killace shi, a dafa duk abin da zai ci, kuma wani ne zai tsaya ya fahimtar da dangi ba wulaƙanci ba ne. Ko an sallame shi ma da saura, domin fararen da ke gane cuta su riƙe ta a ka sukan ɗauki shekara ko fiye kafin su dawo daidai. Rigakafin da aka yi masa yana jariri sai an sake.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro: sabuwar garkuwar ta wani ce. Tana iya ɗaukar jikin yaron a matsayin abokin gaba, ta far wa fata da hanta da hanji, baƙo ya tasar wa mai gida. Don haka ake gwajin HLA, wato gwajin da ke nuna ko ƙwayoyin mai bayarwa sun dace da na yaron, kuma damar dacewa da ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba da wuya su dace sosai. Gida na iya cika da yara ashirin a rasa mai bayarwa. Mai AS dai zai iya ba ɗan'uwansa idan sun dace.

Waraka kam ana samu. Tun 1984 aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sikilarta ma ta tafi. A Najeriya an fara yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Sai dai magungunan share ɓargo na iya hana haihuwa, wanda kuma ya haihu zai iya gadar wa 'ya'yansa sikila, domin jininsa ne ya canza, ba irinsa ba.

Da uwar nan ta dawo ganin likita, na roƙe ta ta zauna, na ce, "Mama, rannan ban gama miki bayani ba." Mun fi rabin awa. Ta saurara shiru, sannan ta ƙirga 'ya'yan gidan da yatsu: tara ne, amma uku ne nata, ɗaya cikinsu ma mai sikila ce. Saura ƙaramar, mai shekara 6. Ta tambaye ni ko ɗibar ɓargon zai cutar da ita. Na ce ana sa mai bayarwa barci a zuƙo daga ƙashin ƙugu, zai yi ciwo na 'yan kwanaki, ɓargon kuma ya mayar da kansa cikin makonni. Ta ce bari ta yi shawara da babansu tukuna.