Huhun raƙumi da karnukan bayan kwata

Fawa gadona ce. Ina da ɗan shago da yara huɗu, da safe ɗanyen nama da kayan ciki, da yamma a hura wuta a yi balangu. Yawancin abin da nake sarowa naman raƙumi ne, irin waɗanda ake kawowa daga Nijar da Cadi, don ya fi na sa sauƙin kuɗi.

Duk wanda ya saba feɗe raƙumi ya san abin nan. Kana shafa huhu sai ka ji ƙullutu a ciki, wani kamar ƙwan kaza, wani ma ya fi. Ka sa wuƙa, ruwa garai-garai ya tsarto, ga wata farar fata mai laushi, ga tsaki-tsaki kwance a ƙasa. Tsakin nan kawunan tsutsa ne. A tumaki da shanu ma ana gani, a hanta ko huhu.

Likitan dabbobi mai duba mana nama ne ya warware mini zancen. Mutum ba ta cin naman yake kamuwa da cutar ba, ta kare ne. Mahauci ya yanke wurin ya wurga bayan kwata, kare ya lashe, tsutsar ta girma a hanjinsa. Tsawonta bai wuce milimita 6 ba, amma ƙwanta na fita a kashin karen, ya hau ciyawa, ya shiga ruwa, ya manne a gashinsa. Yaro ya yi wasa da kare ya sa hannu a tuwo, shi ke nan. Jakar ruwan sai ta tsiro a hantarsa ko huhunsa, ta yi shekaru tana girma shiru, sai an yi hoton ciki a asibiti a gano. Magani kuwa albendazole na watanni ko tiyata, in ta fashe a ciki tana iya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ɗauke da cutar sun haura miliyan 1.

Shi ya sa a shagona akwai bokiti mai murfi. Abin da ya lalace can yake shiga, in an tashi a ƙone. Asara ce, wani lokaci huhu guda sukutum.

Masu karnukan gadi ne ke wahalar da ni. Wani ya ce, "Sarkin fawa, ba ni wancan da ka ware, ai kare ne zai ci." Sai in ce, "Alhaji, wannan kam ko kyauta ban bayarwa." In haɗa shi da mai kyau, in roƙe shi ya dafa kafin ya ba su. Wasu su ji, wasu su wuce teburin gaba.