Asabar ɗin da na fita neman injin shara

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau hazo ya wayi gari da mu, ko darbejiyar ƙofar gida ba a gani sosai. Jiya da la'asar na goge teburin talabijin, amma da safen nan da yatsa na rubuta sunana a kai. Yawancin ƙurar nan daga Bodele take tasowa, busasshen gurbin tsohon tafki a arewacin Chadi, iskar hunturu ta kwaso ta, ta ƙetaro Nijar da ita, duk don ta zo ta kwanta a kafet ɗin falona.

Da ni kaɗai ce da na haƙura. To Auta yana da asma, jiya tari bai bar shi ya runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu. Tsakar gida ka yayyafa ruwa ka share, shi ke nan. Kafet fa? Kana sa masa tsintsiya ƙura ta tashi sama, ta jira ka gama, ta dawo ta zauna inda take. Da muna karin kumallo na ce wa Abban yara yau sai na sayi injin nan mai tsotse ƙura. Bai ce komai ba, ya dai tura min kuɗi ya ce kada in kwaso abin da zai kashe masa janareto.

Ni da ƙanwata muka hau adaidaita zuwa kasuwar Sabon Gari. Shagon farko yaron ya jawo mana wani ja mai kama da ƙaramin duro, da tayoyi da dogon tiyo. "Hajiya, wannan wat dubu biyu ne, ko tsakuwa haɗiyewa yake." Na ɗaga shi da hannu ɗaya, sai na ji kamar na ɗauki jaririn wata shida. Kilo bakwai aka rubuta a kwalin. Ni da bayana bai sake zama daidai ba tun haihuwar Auta, kuma gidanmu sama ne. Ga janaretonmu ko wat 1,000 bai kai ba. Muka ce Allah ya ba da kasuwa.

Inda ranar ta yi riba shi ne wajen wani dattijo mai gyara, can cikin lungun masu kayan Kwatano. Ba saye ya kai mu ba, ƙanwata ce ta tsaya karɓar dutsen gugarta. Na hango injinan shara sun fi goma a jibge a bayansa, duk ƙura ta rufe su, abin dariya. Na ce, "Baba, waɗannan duk na sayarwa ne?" Ya ce, "'Yata, waɗannan gawa ne." Ya kifa ɗaya ya nuna min 'yar takardar da ke manne a ƙasa: 120V, wato ƙarfin wutar da aka yi shi ya ɗauka. Na Amurka ne. Wutarsu 120, tamu 230. Mutum ya gan shi da kyau da araha, ya canja masa kan filogi kawai, ya jona, ko minti ɗaya ba a yi sai ƙauri. Ya ce duk wanda zan saya in fara kifa shi, in ban ga 220 zuwa 240 ba in ajiye.

Da na ba shi labarin mai wat dubu biyu sai ya yi murmushi. Ya ce wat ai cin wutar injin ne, ba ƙarfin tsotsonsa ba, kamar ka auna ƙarfin ma'aikaci da yawan tuwon da yake ci. Wannan ya yi daidai da abin da na karanta a waya daren jiya ina gadin tarin Auta: tun 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin injinan shara na gida masu waya da suka wuce wat 900, kuma gidajensu ba su fasa tsafta ba. Abin dubawa shi ne yadda bakin yake kama ƙasa, ko iska tana zurarewa ta mahaɗar tiyo, da kuma matacin.

Matacin nan shi ne ya fi damuna. Inji yana jan iska ta gaba, dole ya fitar da ita ta baya. In matacin na banza ne, manyan datti su tsaya, ƙurar nan mai laushi kamar hoda, wadda ita ce take shiga ƙirjin Auta, ta fito ta baya ta cika ɗaki. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda ake so shi ne matacin da ake kira HEPA, na gaske yana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura da girmansu ya kai maikiron 0.3, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Matsalar ita ce rubuta haruffa huɗu a kwali ba wuya. Shi ya sa na taho da dabarata a jaka: 'yar leda da toka, da wata da shinkafa.

A shago na uku aka fito mana da marasa waya, masu caji. Gaskiya sun shiga raina. Siriri kamar sanda, bai kai kilo uku ba, kuma ko an ɗauke wuta ka yi shararka. Har wani mai tsada na kamfanin Dyson mai shagon ya sauko mana da shi, da ya faɗi kuɗin ƙanwata ta tambaye shi ko har da mai aikin ake haɗawa. Na riƙe wani mai sauƙin kuɗi na yi ta turawa. Nan na gane wani abu: tunda inji da batir duk a sama suke wajen mariƙi, nauyin a wuyan hannu yake sauka, kafin minti uku na fara canja hannu. Kwalin ya ce cajinsa yana yin minti arba'in, da na matsa sai mai shagon ya yarda cewa a ƙaramin gudu ne, in aka ƙure shi kamar yadda kafet yake buƙata da kyar ya yi goma. Sai na tambaya ko batirin yana cirewa, kuma in ya mutu ina zan samu wani. Ya ce, "Hajiya, ai ba ya mutuwa." Ni da na san yadda zafin Afrilu yake yi wa batirin waya a garin nan.

Na ƙarshe da na gwada shi ma tsaye yake kamar sanda, amma da waya, wat 600, kilo biyu da ɗoriya. Ba mai jakar takarda ba ne, kofi gare shi da ake zazzagewa, don ban ga kaina ina yawon neman jaka duk wata ba. Na nemi izini na barbaɗa toka da shinkafa a kan darduma, mai shagon yana kallona kamar mai haɗa magani. Ƙanwata ta haska fitilar waya a inda iska take fita. Na bi sau biyu, shinkafa ta tafi, toka ta tafi, kuma ba mu ga komai yana yawo a cikin hasken ba. Na farkon da muka yi wa wannan gwaji a shagon, hayaƙi ya yi kamar an busa murhu.

Aibinsa biyu: wayar gajera ce, sai na haɗa da ƙari, kuma yana da ƙara. Muka yi ciniki, ya ce albarka, muka juya kamar za mu tafi, ya kira mu. Na sa ya haɗa min da mataci guda na ajiya, tunda in an wanke ɗaya sai ya kwana ya yini ya bushe sarai kafin a mayar.

Mun iso gida ba wuta. Ƙanwata ta samu abin tsokana, "Yaya, da mai cajin kika ɗauka da yanzu kin gama." Ban tanka ba. Wajen biyar aka kawo, na tura Auta gidan maƙwabta, na rufe ƙofa na bi falo layi-layi. Kafet ɗin da na share shekaranjiya ya cika kofin sau biyu da wata ƙura mai ruwan toka, laushi kamar garin alkama. A zazzagewa ta biyu, can bayan gida, na tsinci ɗan kunnen da na yi wata biyu ina zargin ya faɗi a gidan biki.

Hannuna na dama yana ɗan tsami. Auta ya yi barci tun takwas da rabi, na leƙa shi sau biyu. Gobe ɗakin kwana da ƙarƙashin gado, in an bar mana wutar.