Shekara biyu ina neman wadda ta yi mini sammu

Wata bakwai da aurena ƙurajen suka fara fito mini. Da zazzaɓi suka zo da ciwon gaɓoɓi, sai wasu 'yan ƙuraje masu ruwa suka taru a gabana, suka fashe suka zama miki. Fitsari kuwa sai na cije leɓe kafin in yi shi. Kunya ta hana ni faɗa wa maigida, sai na aika aka kira mini Goggo, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama.

Tana dubawa ta riƙe baki. "'Yar nan, wannan ba sanyi ba ne, da hannu a ciki. Kin tsallaka wani abu." Ni amarya ce a gidan da ke da uwargida, don haka ba sai an ambaci suna ba.

Daga ranar ɗakina ya koma ɗakin magani. Safe da yamma ina tafasa bagaruwa in zauna a ruwan, wanka kuma da ganyen darbejiya. Da dare a zuba garin magani a garwashi in tsuguna a kan hayaƙin. Goggo ta karɓo laya daga wurin wani mutum aka cusa ƙarƙashin katifa, wani ƙulli kuma aka binne a bakin ƙofata, aka barbaɗa gishiri a kusurwoyin ɗaki. Bayan kusan mako uku mikin ya bushe. Goggo ta ce, "Kin gani ko?" Wallahi na gani, kuma na yarda har cikin zuciyata. Na daina cin abincin Yaya ranar girkinta, gaisuwa ma sama-sama nake yi mata.

Bayan wata uku suka dawo. Aka ce an sabunta aikin, dole a ƙara ƙarfin magani. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna jikina ke yin sanyi: aka daka tafarnuwa da 'yar kanwa aka ce in shafa a kan mikin. Fatar ta ƙone ƙurmus, kwana huɗu ban iya tafiya sosai ba. Kafson da na saya a kemis ma na sha har kati biyu, ba abin da ya yi.

Sai da na samu ciki na je awo, ranar kuwa ƙurajen suna nan, likita ta duba ta ce cutar hapis ce. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a natse. Ƙwayar bairos ce, iri biyu, ɗaya ta fi fitowa a leɓe (irin ƙurajen nan da ke biyo bayan zazzaɓi), ɗaya a al'aura. In ta shiga jiki sai ta laɓe a cikin jijiya, ta kwanta, ta riƙa tasowa in jiki ya raunana: zazzaɓi, gajiya, damuwa, ko lokacin al'ada. Ba a riga an samu maganin da ke fitar da ita ba, a asibiti ko a gargajiya. Kafson da na sha na wasu ƙwayoyin cuta ne daban, bai taɓa bairos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 500 masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da irin ta biyu, kuma akasarinsu ba su ma sani ba. Tana iya shekaru a jikin mutum ba alama, saboda haka fitowarta ba shaida ba ce cewa wani ya ci amana jiya ko shekaranjiya.

Amma maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce da ta ce ƙurajen da kansu suke warkewa, cikin mako ɗaya zuwa uku, ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba. Nan take na tuna "kin gani ko?" ɗin Goggo. Ashe duk abin da aka shafa mini ana gab da warkewa shi ke cin sunan magani, in sun dawo kuma a ɗora wa Yaya. Shekara biyu ke nan muna zagaye wuri ɗaya.

Ban watsar da komai na gida ba, kuma ba zan ce wa kowa ta watsar ba. Zama a ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana rage raɗaɗi, har yanzu ina yi. In fitsari zai yi zafi ina zuba ruwa da buta a lokacin. Ina sa tufafi na auduga marasa matsewa, in bar wurin a bushe, in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa ido ko yaro. Addu'a da tofin da nake yi wa kaina da Falaƙi da Nasi suna nan, su ke kwantar mini da hankali, hankali kwance kuwa yana rage tasowar ciwon a jikina. Layar da ƙullin na tono da hannuna na ƙona, na nemi gafarar Allah. Abin da na ƙara shi ne ƙwayar asiklobir, maganin asibiti da ke danne bairos ɗin amma ba ya fitar da shi. Na koyi gane alamar tasowar ciwon, wani ɗan tsikari da ƙaiƙayi kwana ɗaya kafin ƙurajen, in na fara sha a lokacin ba ya daɗewa. Da cikina ya kai mako 36 likita ta sa ni shan ta kullum har haihuwa, domin cutar na da haɗari ƙwarai ga jariri, in akwai miki ranar naƙuda ma tiyata ake yi. Na haihu lafiya, da kaina.

Faɗa wa maigida ya yi mini nauyi, amma na faɗa, muka koma wurin likita tare, muka kuma daina kusantar juna duk lokacin da alamar ta taso. Wanda ya fi nauyi shi ne shiga ɗakin Yaya, don ita ma tana da haƙƙin sani saboda lafiyarta. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da ƙullin bakin ƙofa. Ta daɗe shiru tana kallon tabarma, sannan ta ce, "Ai na ga ranar da kuka binne shi, ina leƙowa ta taga. Tashi ki zauna. Wace rana likitar take zama?"