Kuɗin ɗauka daban, kuɗin amfani daban

Jiya na biyo ta Zoo Road a adaidaita, ɗaga kan da zan yi sai ga hotona a wani ƙaton allon talla, wanda na ɗaukar wa wani Alhaji mai shagon atamfa a Kwari wata uku da suka wuce. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Abin da muka yi da shi a baki hotuna goma ne na Instagram da status ɗin WhatsApp, kuma a kan haka na yanka masa farashi.

Da na kira shi cewa ya yi, "Haba ɗana, ba na biya ka ba? Ai hoto ya zama nawa."

Ba mugun mutum ba ne fa, haka yawancin 'yan kasuwarmu suka ɗauki abin, kamar ka sayi turmin atamfa ka wuce gida da shi. Na ce masa Alhaji, wanda ya kama hayar shago ɗaya a layinku zai buɗe na kusa da shi ya zuba kaya ya ce ai ya riga ya biya? Sai ya yi shiru.

Doka ma haka ta ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta bar haƙƙin hoto a hannun wanda ya ɗauka, kuma sayar da haƙƙin gaba ɗaya ba ya yiwuwa sai a rubuce. To ni ban sa hannu a komai ba.

Ga kuma tsadar aikin, tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga 460 da ɗoriya har ta haura 1,500 a 2024, kyamara da lens da fitilu da kuɗin manhajar gyaran hoto ta Lightroom na wata-wata duk dala suke bi, ga man janareta, ga daren da kake rabawa kana editin kala ɗaya don ta fito daidai da atamfar da ke hannun kwastoma. Kuma abin da ya fi ci min rai, mu masu hoto muna karya wa juna farashi, ka faɗi kuɗinka wani ya ce a ba shi rabi har da duk fayil ɗin.

Yanzu kafin in ɗaga kyamara sai an rubuta inda za a sa hoton da tsawon lokacin, soshiyal midiya kuɗinsa daban, allon talla ko jikin kwali kuɗinsa daban, shekara ta cika a sabunta.

Alhaji dai ya ce in zo shago ranar Asabar bayan la'asar mu zauna. Na riga na buga takardar, kwafi biyu.